Injin Aro

Da yawanku kun turo saƙo kuna tambayar me ya sa na yi shiru, wasu har da zolaya wai amarya ta ga wuri ta manta da mutane. Ban manta da ku ba. A kan bencin barandar ɗakin maza na babban asibiti nake rubuta wannan, wayata a jone da cajar wata mata da ban ma san sunanta ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, malamar firamare ce ni, kuma an sa ranar aurena da wani likita. Abin da ya biyo bayan sa ranar nan zan ba ku, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Babana kafinta ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙanshin katako da ƙarar zarto su suka raine ni. A nan Likita ya fara ganina, ranar da ya zo ba da aikin benci da kantar magani na sabon asibitinsa. Na fito rungume da littattafan 'yan ajina, alli ya ɓata min baƙin mayafi, ya gyara zaman tabaraunsa ya ce, "Malama, a sa mu a aji mana." Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba, ni ma ban taɓa ce masa komai ba sai Likita.

Kada ku ɗauke shi mugun mutum, don da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Siriri ne, mai sanyin murya, mai mantawa da cin abinci. Da safe yana aiki a wani asibitin gwamnati, in ya tashi ya dawo nasa, wani gidan haya da ya gyara ya mayar asibiti. In ka shiga ta gaba sai ka ɗauka otal ne: farin tayil, talabijin a bango, na'urar sanyaya ɗaki, furen roba a kan kanta. Ba ya korar marar lafiya don ba shi da abin biya, shi ya sa mutanen unguwa ke sa masa albarka. Mama in ta ji ƙarar motarsa sai ta sake ɗaurin ɗankwali, ta ce a fito da kofunan baƙi. Baba kuwa bai taɓa kiransa suruki ba, "ɗana" yake cewa.

Baba ya daɗe yana fama da ciwon kaba yana ɓoyewa. In ya ɗaga katako sai ka ga ya dafe mara ya yi shiru. Da abin ya ci ƙarfinsa aka je babban asibiti, suka ce aiki za a yi, suka ba shi rana can nesa don layi ya yi yawa. Likita ya zo gaishe shi da yamma, ya ji labarin, ya ajiye kofin shayinsa.

"Baba, ina raye za ka je ka bi layi? Wannan ai ƙaramin aiki ne. Ka zo wurina, kafin biki ka miƙe sarai."

"Kar in ɗora maka nauyi, ɗana."

"In ban ɗauki nauyinka ba, na wa zan ɗauka?"

Mama ta juya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa ina bayan labule, ji nake duk duniya babu wadda ta kai ni dace.

Ranar aikin na sa atamfar da ya fi so, shuɗiya mai ɗigon fari, na ɗauki bargon Baba da gorar ruwa. Mutane cike da bencin da Baba ya ƙera da hannunsa. Ashe ba shi kaɗai za a yi wa aiki ba, akwai wasu a bayansa. Wata mata da ke kusa da ni, mijinta ne ke biye da Baba, ta yi ta jan carbi leɓenta a bushe. Na miƙa mata gorar, ta sha ta yi godiya.

Da aka fito da Baba aka kwantar da shi yana barcin allura, sai na zaga baya neman famfo in wanke kofi. Bayan asibitin ba irin gabansa ba ne. Siminti a farfashe, bokitin shara ba murfi, auduga mai jini a ciki ƙudaje na bi. Ƙofar wani ɗan ɗaki a buɗe, da ganinsa kicin ne kafin a mayar da gidan asibiti. Nas na tsugune gaban risho, ta ɗora tukunya, tana juya almakasai da 'yan ƙarafan tiyata da dogon cokali. A gefenta akwai wani inji kamar ƙaramar ganga, an rufe shi da tsohon labule, an ɗora kular abincin wani a kai.

"Sista, me ake dafa mana?" na ce da wasa.

Ta yi dariya ba ta ɗago ba. "Kayan aiki ne. Injin da ke gasa su ya kwana biyu da mutuwa, sai dai mu tafasa."

Daga ciki aka ƙwala mata kira, wai a kawo kaya, an shigar da na gaba. Ta leƙa tukunyar. Ruwan bai tafasa ba, 'yan kumfa ne kawai a gindi. Ta tsame ƙarafan a faranti ta wuce da sauri.

Da yamma na tura masa saƙo: "Likita, na ga ana dafa almakashi a tukunya. Haka ake yi?"

Ya amsa da ɗan hoton dariya: "Malama ta zama mai binciken asibiti. Tafasawa ma tana kashe komai, kar ki damu. Mai gyaran injin yana hanya."

Na yarda. Ku ma da kun yarda. Ni alli na sani da allo, shi kuwa shekaru ya kwashe yana karatun abin nan.

Aka sallamo Baba, ya kwana biyu yana raha, yana cewa an yi masa ɗinkin da ya fi na tela. Har yana aikena in leƙa shago in ga ko ruwa bai taɓa katakon gadona ba, don ya rantse gadon aurena da hannunsa zai ƙera, ba zai bari autarsa ta kwanta a kan aikin wani ba. Sai zazzaɓi ya sauka. Ya rufa da bargo yana kaɗuwa, haƙora na haɗuwa. Wurin ɗinkin ya kumbura ya yi ja, daga baya ya fara fitar da ruwa. Wani wari ya cika ɗakin wanda turaren Mama ya kasa dannewa, har yanzu in na rufe ido ina jinsa a hancina. Likita yana zuwa safe da yamma, ya wanke, ya sauya magani, ya yi allura, kullum yana ce mana zai faɗa. Amma ni na san fuskarsa. Na ga yadda yake tsayawa a tsakar gida yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa, ido a ƙasa.

Ranar da Baba ya kira ni da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, Likita da kansa ya ce a ɗauko shi. Shi ya tallafe shi zuwa mota, shi ya tuƙa mu babban asibiti. Da muka isa ƙofar ɗakin gaggawa ya ce bari ya gyara fakin. Bai shigo ba.

Babban likitan da ya buɗe bandejin ya dubi Yaya, wato babban wana.

"A ina aka yi wannan aikin?"

"Wani asibiti ne a unguwarmu," in ji Yaya, yana kallon takalminsa.

"Asibitin ba shi da suna?"

Yaya ya ci gaba da kallon takalminsa. A ranar aka sake shiga da Baba tiyata. Da suka fito suka ce cutar ta shiga jini, sun yanke abin da ya ruɓe, sun bar wurin a buɗe sai ya warke daga ciki. Ko ya tashi, in ji su, ɗaga katako ya ƙare masa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ɗana bai zo ba?" Mama ta ce aiki ne ya riƙe shi.

A ɗakin maza na sake ganinta. Ina matse tawul a bakin gadon Baba aka taɓa kafaɗata.

"Ƙanwata, ba ke ce kika ba ni ruwa a asibitin likitan nan ba?"

Matar nan ce mai carbi. Ta rame, hijabinta duk ya yamutse. Ta nuna min gadon ƙarshe, kusa da taga. Mijinta direban motar makaranta ne, shi aka shigar bayan Baba, aiki iri ɗaya. Ya riga mu zuwa nan, an sa masa roba a hanci, ba ya gane kowa. Na tuna 'yan kumfan nan na gindin tukunya, na zauna a gefen gado.

Muka zama abokan jinya. In zan fita salla ta duba min Baba, in za ta je ganin yara in karɓi mafici in yi wa mijinta fifita. Ta ba ni labarinsa, yadda yake ajiye alewa a aljihun mota saboda yara masu kukan zuwa makaranta, yadda ya zaɓi asibitin Likita don ya warke da wuri kafin a koma hutu, kar a ba wani motar. Ban ce mata komai game da ni da Likita ba. Duk lokacin da ta ambace shi sai in sami abin gyarawa a gadon Baba.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar rabon magani, aka ja labule aka zagaye gadonsa. Ba ta yi ihu ba. Ta fito daga bayan labulen, ta durƙusa ta ciro silifas ɗinsa daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe, ta sa a leda. Baba yana kallo, ya mayar da idonsa sama yana motsa baki.

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni a waya.

"Ƙanwata, ƙanin maigidan ya kai ƙara wurin hukumar da ke sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu. Sun ce za su zo su ga babanku. Ni ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a ɗaure kowa ba. So nake in san abin da ya kashe shi, in yaransa sun girma sun tambaye ni in samu abin faɗa. Kina wurin ranar. Ko kin ga wani abu?"



"Anti," na ce, "likitan nan shi zan aura."

Ina jin kukan yaro a bayanta.

"To Allah ya ba ki haƙuri ke ma," ta ce, ta kashe.

Na zauna da wayar a hannu har haskenta ya mutu.

Mama na fara gaya wa zancen tukunyar, ranar da muka je gida wanka da sauya kaya. Kafin in fito daga banɗaki ta kira Yaya, ta kira Goggo, ƙanwar Baba. Na tarar da su a falo, ga ɗinkunan bikina da tela ya kawo jibge a kan kujera, ko daga leda ba a cire su ba. Wani leshi mai ruwan madara yana leƙowa ta bakin ledar, wanda ni da Likita muka yi ta musu a kan launinsa a waya.

Goggo ce ta fara. "Auta, zauna. Me na ji kina shirin yi?"

"Ban ce zan yi komai ba, Goggo. Abin da na gani na faɗa."

"Kin gani," in ji Yaya. "To ke likita ce? Kin san yadda ake wanke ƙarfen tiyata? Mutumin nan ya yi wa Baba aiki ko sisi bai karɓa ba. Wanda ya yi maka rana ai ba ka yi masa dare."

"Yaya, mutum fa ya mutu."

"Kwanansa ne ya ƙare. A babban asibitin ba a mutuwa?"

Mama ta jawo hannuna ta riƙe. "Dube ni, Auta. An raba kati, dangin nesa sun fara tambayar masauki. In aka rufe masa asibiti aka ƙwace masa lasin, gidan wa za ki shiga? A ce matar da zai aura ce ta kai shi ƙasa? Wane namiji ne zai sake yarda ya buɗe miki cikinsa? Babanki ya riga ya kwanta, maganarki ba za ta mayar masa da ƙarfinsa ba."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Goggo.

Na kusa cewa ai naman Baba da ya ruɓe yankewa aka yi, shi ya sa yake numfashi. Na haɗiye. A gidanmu auta ba ta mayar wa Goggo magana.

Duk kwanakin nan saƙon Likita bai yanke ba. "Malama, kin ci abinci?" "Yaya jikin Baba?" "Na yi kewar muryarki." Sai in karanta in kife wayar, in jima in sake ɗagawa in karanta. Wata rana dai na sa doguwar riga baƙa, ban shafa komai a fuska ba, na tafi asibitin nasa ban sanar da shi ba.

Warin fenti ne ya fara tarbata. An share baya, an sa wa bokitin shara murfi, an liƙa hotunan yadda ake wanke hannu a bango. Wata motar ɗaukar kaya na tsaye a ƙofar baya, ƙarti suna sauke wani inji mai sheƙi, irin wancan da na gani a rufe da labule, da doguwar tukunyar iskar numfashi. Direban yana ce wa nas, "Maigida ya ce a kula da shi, kar a kankare masa fenti. Da masu binciken sun tafi zan dawo in ɗauka, mu ma muna da aiki."

Na same shi a ofis ya kifa kai a kan tebur. Ya rame, gemu ya tofo ba gyara. Da ya gan ni ya miƙe, har ya fara murmushi, sai ya ga inda idona yake, ta taga, a kan injin.

"Aro ne?" na ce.

"Na wani abokina ne. Kafin in gyara nawa."

"Mai gyaran da ke hanya tun ranar aikin Baba bai iso ba?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Zauna, Malama."

"A tsaye ma ina ji."

"Injin ya lalace, gyaransa ya fi ƙarfina a lokacin. Ga haya, ga man janareto, ga gidan da za mu zauna ina ta fama in ƙarasa. Na ce a lallaɓa da tafasawa zuwa bayan biki. An yi ta yi a haka ba abin da ya faru. Ranar nan mutane suka yi yawa, aka yi sauri." Ya ja numfashi. "Kin san masu zuwa nan. In na yi komai yadda ƙa'ida ta ce, babu mai iya biya a unguwar nan. Sai su koma gida su mutu a ɗaki."

"Da ka gaya wa Baba. Da ka ce, Baba, injina ya mutu, ka bi layin nan. Da ka gaya wa matar mamacin nan ta zaɓa da kanta."

Hawaye ya gangaro masa har bakin gemu, bai share ba. Ban taɓa ganin kukansa ba. Ga abin da nake jin nauyin faɗa muku: a lokacin ji na yi kamar in zagaya teburin in share masa da mayafina. So ba fitila ba ne balle ka hure shi ya mutu.

"In sun tambaye ki," ya ce a hankali, "ban ce ki yi ƙarya ba. Ki ce ba ki san komai a harkar asibiti ba. Ai gaskiya ne."

"In sun tafi aka mayar da injin, ranar aiki ta zagayo, da me za ka yi?"

"Zan gyara. Wallahi zan gyara."

Ta gaba na fita. A kan benci wata mai tsohon ciki tana zaune da mahaifiyarta suna kallon talabijin, tsohuwar tana cewa ai wurin nan ya fi na gwamnati tsabta, dubi tayil kamar ka lasa.

Washegari da rana ma'aikatan hukumar suka zo ɗakin maza. Mace ce babbarsu, dattijuwa mai farin gilashi, da wani mutum a bayanta. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta ja kujera ta zauna daf da shi. Yaya yana tsaye ta wajen kansa, Mama ta wajen ƙafafunsa, ni ina jingine da bango da kofi a hannu.

"Baba, muna so mu san yadda aka yi ciwon nan ya koma haka."

Baba ya yunƙura, Yaya ya tokare shi da filo. Muryarsa ta sirance, sai ka kasa kunne.

"'Yata, laifina ne. Yaron nan ya yi aikinsa tsaf. Ya ce in kwanta, ni kuma na ƙi ji, na shiga shago na ɗaga katako, ƙura ta shiga ciwon. Kafinta ba ya iya zama. Kar ku taɓa shi."

Baba bai taka ƙofar shago ba tun ranar da aka sallamo shi. Ni na kulle shagon da hannuna, makullin yana cikin jakata. Mutumin da bai taɓa ce wa mai aiki "zo gobe" ba alhali ya san sai jibi, yau shi ne kwance da ciki a buɗe yana shirya ƙarya don kada auren 'yarsa ya lalace.

Matar ta gyaɗa kai, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta juyo.

"Wa ya yi jinyarsa tun ranar aikin?"

"Ni ce," na ce.

"Akwai abin da kika gani da ya kamata mu sani?"

Mama ta kafe ni da ido. Yaya ya yi gyaran murya. Baba ya ce, "Yarinya ce, ba ta san komai ba."

Na so in ce a'a, harshena har ya ɗauko ta. Amma gadon ƙarshe na kusa da taga yana daidai idona, an shimfiɗa masa sabon zani, wani mutum daban ne a kai, matarsa tana yi masa fifita.

"Baba bai shiga shago ba," na ce.

Daga nan sauran maganar ta biyo da kanta. Na faɗi tukunyar, na faɗi ruwan da bai tafasa ba, na faɗi injin da aka rufe da labule. Na ce wanda za su tarar a can na aro ne, su tambayi mai shi. Ban ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit, har na gadon kusa ya rage rediyonsa.

"Mene ne tsakaninki da likitan?"

"An sa mana rana."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ɗan jima, sannan ta yi wa Baba fatan samun lafiya suka fita. Yaya ya ɗauki hularsa ya wuce ko kallona bai yi ba. Mama ta ja mayafi ta rufe fuska. Lokacin maganin Baba ya yi, na matsa kusa da shi da kofin.

"Baba, ga ruwa."

Ya juya fuskarsa bango. "Miƙa wa mamanki ta ba ni."

Kashegari labari ya zo an garƙame asibitin Likita. Goggo ta turo min saƙon murya mai tsawo, ban buɗe ba. Ƙawayen da suka yi ɗinkin biki sun fara tambaya a waya ko gaskiya ne abin da suke ji. Mama tana magana da kowa a ɗakin, har da masu shara, ban da ni. Wajen la'asar wayata ta yi ƙara, Likita ne.

"Ina bakin ƙofar asibiti. Don Allah ki fito."

Na wanke fuska a famfon baranda, na yafa mayafi. A hanya na zare zoben da ya ba ni na riƙe a tafin hannu, don in ya nema kar in tsaya kokawar cirewa a gabansa. Yana cikin mota a ƙarƙashin wata bishiya, rigar jiya ce a jikinsa. Ya sauke gilas.

"Na san ke ce," ya ce. "Ban zo faɗa ba."

Na buɗe hannuna na nuna masa zoben. Ya kalle shi, bai karɓa ba.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Malama, ranar nan ba Baba da direban kaɗai na yi wa aiki ba. Akwai wata mata, ita ce ta ƙarshe. Ba ta dawo cire zare ba. Tun da Baba ya kwanta nake kiran lambar mijinta, a kashe. Ban gaya wa hukumar ba, ban gaya wa kowa ba." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Na san unguwar, na san gidan. Ina zuwa bakin layin in juyo. Ba zan iya sallama a ƙofar nan ni kaɗai ba."

Wayata ta fara ruri a jaka, Yaya ne. Na bar ta tana yi. Na jefa zoben cikin jakar, na buɗe ƙofar baya na shiga, ba ta gaba da na saba zama ba.

"Mu je," na ce. "Amma in mun same su, da bakinka za ka faɗa musu komai."

Ya gyaɗa kai ya tada mota. Muka bar kwalta muka shiga wata unguwa mai ƙananan gidaje, yara na wasa a bakin kwata, masu kanti na yayyafa ruwa a ƙofa. Ya karya kwana ya shiga wani siririn layi, ya rage gudu. Tun daga nesa na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar wani gida mai koren ƙyaure, maza zaune a kai sun yi jugum, takalma a jere a gefe.

"Likita, wannan ne gidan?"

Ya kashe motar.